Ba Gajiya, Gwaggo

Lahadi, bayan azahar

Riga mai dogon hannu na sa wa Gwaggo yau ma. Ana zafi, ta yi ta jan wuyan rigar, amma na bar mata ita. Masu gajeren hannun duk na tura su ƙasan akwati.

Ban san wa nake yi wa bayani ba, amma bari in yi ko kaina ya sarara. Gwaggo yayar babanmu ce. Ita ta riƙe mu ni da Yaya tun rasuwar mahaifiyarmu. Ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta kuma taɓa bari mun san maraici ba. Yanzu tsufa ya taɓa mata kai. Sunana ya tafi, sunan Yaya ya tafi, hanyar banɗaki ta tafi, wani lokaci har cokali sai ta riƙe tana juya shi kamar yau ta fara ganinsa. Abu ɗaya ne ya ƙi tafiya, gaisuwa. Da ma can in Gwaggo ta tsare mutum da gaisuwa sai shayinsa ya huce. To ita ce ta rage mata, tsaf, babu tuntuɓe. In na shiga ɗakinta da kofi sai ta ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" In ce, "Ba gajiya, Gwaggo." In fita ɗauko cokali in dawo. "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Ba gajiya, Gwaggo. Haka muke wuni, haka muke kwana, shekara da shekaru.

Baƙo kuwa in ya miƙe zai tafi, sai ta ɗaga masa hannu ta ce, "To, a huta gajiya." Har mai karanta mitar wuta ya samu tasa. Ni ban taɓa samu ba, don ni ba baƙuwa ba ce. Tana barci nake fita aiki, in na dawo kuma na dawo ke nan.

Ranar Alhamis na kira lambar da wata nas ta rubuta min tun bara. Wai akwai tsarin hutun masu jinya: a ɗauki tsohonka a kai shi wani gida mai ma'aikatan jinya na mako biyu, kai kuma ka yi barci, sannan ka je ka ɗauko abinka. Ranar da ta ba ni har haushinta na ji, na ce a raina wannan kallon me take min. Takardar ta tsufa a jakata. Sai bayan abin ranar Laraba na zazzage jakar na nemo ta.

Jibi za su turo ma'aikaciya ta ga yadda muke.

Litinin, hutun rabin rana, a wurin aiki

A nan kaɗai nake samun zama, kan buhun tawul a bayan injin guga. Gidan wankinmu zannuwan gadon otal yake yi. Ni ce a bakin injin, wani ƙaton ƙarfe mai zafi da yake juyawa, ka miƙa masa bakin zani ya ja, ya fitar da shi ta baya a miƙe sumul. Ka miƙa ya ja, ka miƙa ya ja, ga tururi yana shafa maka fuska. Ko wanda ya kwana lafiya sai ya yi hamma.

Na gaya wa Yaya, ban san abin da ya kai ni ba. Yaya ta waya yake jinyar Gwaggo. Kullum da safe sai saƙon murya, addu'a mai tsawo, a ƙarshe ya ce a shafa masa kanta. Da na gama bayani ya ce, "Auta, gidan ajiye tsofaffi fa kike nufi."

Na ce mako biyu ne kawai.

Ya ce, "Matar da ta goya ki?"

Na san wadda ta goya ni. Ni nake ɗaga ta daga gado in sa a kujera, ƙashin bayana ma ya san ta. Amma a raina na faɗa, a fili cewa na yi, "Haka ne, Yaya." Ya ce gobe zai zo, don kada a yanke magana babu babba a wurin.

Talata, bayan la'asar

Na kashe kaina da bakina.

Na ɗauki hutun yini. Tun asuba na hau shara da goge-goge kamar mai jiran surukai. Bokitin fitsarinta na ɓoye shi a bayan ƙofa, ledar gado na rufe ta da sabon zani, na buɗe tagogi, na fesa turare, har kwalli na sa don kada a ga idona. Wato ni da na kira mutane su zo su ga na kasa, ni ce na tashi da sassafe ina ɓoye shaida.

Ma'aikaciyar yarinya ce, na girme ta nesa ba kusa ba, ga wata ƙatuwar jaka da ta kusa rinjayar ta. Mai Jaka zan riƙa ce mata. Ta cire takalmi, ta durƙusa gaban Gwaggo, sai Gwaggo ta samu abin da take so. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya masu jiki. Duk ta jero su, fuskarta fes. Wanda bai sani ba sai ya ce mu ne masu ciwon, ita ta zo duba mu. Yaya kuma ya iso da ledar lemo da ƙamshi, ya zauna a kujera mai kyau.

Mai Jaka ta fara tambaya. Wa yake mata wanka? Ni. Wa yake ba ta abinci da magani? Ni. In kina aiki fa? Maƙwabciya. Da dare wa yake tashi? Ni. Barcin awa nawa kike samu? Kafin in lissafa Yaya ya ce, "Ai mun saba, Malama. Mu a gidanmu haka muka taso, ba ma ƙosawa da namu."

Mun saba. Na kalli ledar lemonsa.

Sai yarinyar ta ajiye biro, ta juyo gaba ɗaya ta dube ni ta ce, "Anti, ke fa? Kin gaji?"

Wallahi amsar tana bakina. Kwana da kwanaki ina riƙe da ita. Amma Gwaggo ta ji an taɓo kalmarta, sai ta ɗago da fara'a ta ce, "Ina gajiya?"

Na ce, "Ba gajiya."

Da kanta amsar ta fito, kamar atishawa. Mai Jaka ta ce a hankali, "Ba gaisuwa nake yi ba, Anti. Tambayar ki nake." Ta buɗe min ƙofar magana, ba zan ga laifinta ba. Amma ga Yaya ya zuba min ido, ga Gwaggo tana min murmushi cikin rigarta mai dogon hannu. Ta yaya zan buɗe baki a gabanta in ce na gaji da ita? Na ce, "Alhamdulillahi, muna lallaɓawa. Ba gajiya."

Yaya ya ce, "Kin ji ko? Ai 'yar halak ce."

Ta sake gwadawa. "Babu ranar da kika ji kamar haƙurinki zai ƙare?"

Na kalli hannun rigar. Na ce, "Haba dai."

Ta ɗauki bironta ta rubuta. Da suka miƙe Gwaggo ta ɗaga musu hannu, a huta gajiya, a huta gajiya. Yaya ya dafa kafaɗata a bakin ƙofa ya ce ya yi alfahari da ni. Lemon kuwa Gwaggo ba ta iya sha, ƙwarewa take yi, shi bai sani ba. A tsaye na shanye rabinsa a kicin, ina jin kunyar kaina.

Laraba, da safe

Laraba ce. A kan gado na goge mata jiki da tawul. Ban kai ta banɗaki ba.

Juma'a, bayan tashi daga aiki

Mai Jaka ta kira ina tsaye ina jiran bas. An duba, an sa sunanmu a layi, amma ba cikin na gaggawa ba, tunda mai jinyar ta ce tana iyawa. Na ce layin zai kai yaushe? Ta ce, "Watanni, Anti. Ba zan ɓoye miki ba."

Godiya na yi mata. Har da Allah ya saka da alheri.

Ta ce in wani abu ya canza in kira ta, ko yaushe ne. Na ce ba komai. Ba gajiya, ba komai, lafiya lau. Da waɗannan ukun aka tarbiyyantar da ni, kuma Gwaggon ce ta koya min su. Tun ina ƙarama in baƙo ya tambaye ni na ƙoshi, ko cikina yana kuka sai ta harare ni in ce na ƙoshi.

Bas ya zo ya wuce ina kallon sa. Sai na gaba na hau.

Asabar, da hantsi

Maman Biyu ta shigo karɓar makullinta. Ita ce maƙwabciyar da take zama da Gwaggo in ina aiki, ƙofarta tana kallon tamu. Ta tarar ina ninke wanki, ta ja tawul ta kama min, ba ta dube ni ba ta ce, "Jiya na canza mata riga. Shayi ne ya zube."

Hannuna ya tsaya.

Ta ce, "Mai dogon hannu na sake sa mata."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ci gaba da ninki. Ta ce fatar tsofaffi ba ta da wuya, ko riƙo mutum ya yi da ɗan ƙarfi sai yatsu su fito. Na ce eh. Ta ce ita ma ta yi jinyar uwar mijinta har Allah ya karɓi abarsa, kuma akwai wata rana da... Nan ta tsaya. Ta daidaita bakin tawul ɗin ta ajiye.

"Mutanen nan me suka ce?"

Na ce sun ce ina iyawa.

"Wa ya gaya musu?"

Na ce ni.

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ke kam sai addu'a. Ke ce za a kai gaban likita da ƙafa a karye, ya ce yaya jiki, ki ce da sauƙi." Ni ma na yi dariyar. Da ta gama ta share ido ta ce, "Ki koma ki gyara maganarki, ƙanwata. Ni ba zan faɗa wa kowa ba, amma ba zan iya canza mata riga kullum ina kawar da kai ba."

Litinin, hutun rabin rana

Injin ya kama hannun rigata.

Ban san barci ya sace ni ba. Ina miƙa zani, sai na ji ana ja na gaba, zafi yana matso min wuyan hannu. Dogo, mai kwashe zannuwa ta baya, shi ya dako tsalle ya buga jan maɓallin. Da almakashi aka yanke ni daga jikin injin. Ko ƙwarzane ban yi ba, rigar ce ta tafi.

Manaja ya fito daga ofis yana haki ya ce, "Lafiya kike kuwa?" Kowa ya san abin da na ce.

Ya mayar da ni teburin ninke tawul, wurin sababbin shiga. Shekaruna a bakin injin nan sun fi na wasu a duniya. Babu wanda ya yi min dariya, da sun yi ma da ya fi min sauƙi. Ina ninki ina tunanin da hannun ya tafi, wa zai ɗaga Gwaggo? Sai wani tunanin ya biyo baya, cewa da an kwantar da ni asibiti da na yi barci. Har na ji daɗin tunanin kafin in kore shi.

Talata, da magariba

Yau da ta ce ina gajiya na yi shiru, in ga abin da zai faru. Ta sake tambaya. Ta sake. Fuskarta ta fara rikicewa kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Na ce ba gajiya, Gwaggo. Ta sauke ajiyar zuciya.

Laraba, bayan la'asar

Na dawo aiki, na sallami Maman Biyu, na canza zanin gado, na ba ta magani a cikin ayaba. Ta tofar min a riga. Na sake ba ta, ta sake tofarwa. Ina goge rigar sai na ji warin, a kan zanin da ban daɗe da shimfiɗawa ba. Na kama ta zan ɗaga, ta ƙanƙame ƙarfen gado tana ihu wai ɓarayi.

Sai na ji hannuna ya yi irin na wancan karon.

Na cusa hannuwan duka biyun a hammata, na ja da baya, na fita, na murza makulli. A kan matakala na zauna. Ta cikin ƙofa ina jin ihun ya lafa, can sai na ji tana gaida wani, labule ne ko inuwarta, tana tambayar sa yaya yara.

Wani tsoho da yake zaune a hawa na sama ya zo wucewa da ledar burodi, ya gan ni zaune na haɗa kai da gwiwa, ya ce, "Sannu da hutawa."

Na ce, "Yauwa, sannu."

Ban taɓa ta ba. Ina so in rubuta wannan da kyau: yau ban taɓa ta ba. Amma na bar ta cikin ƙazanta a kulle har na huce, kuma ban san ko Larabar gaba ƙafata za ta riga hannuna ba.

Alhamis, hutun rabin rana

A bas da safe na yi ta gwada kalmar a raina. Na gaji. Na gaji. Ashe ta fito fili. Wani bawan Allah ya miƙe zumbur ya ce, "Zauna, Baba." Ka ji, kalma biyu, har ta samo min kujera. Na zauna ina ta sunkuyar da kai kamar na ƙwace masa.

Na kira Mai Jaka daga bayan injin wanki, inda ƙara take rufe murya. Na ce, "Malama, ranar nan gaisuwa na amsa."

Ta ce, "Na sani, Anti."

"To me ya sa kika rubuta?"

"Abin da kika faɗa shi nake da ikon rubutawa. Ba zan ce kin kasa ba alhali kin ce kina iyawa, gobe ki ce na yi miki ƙazafi a gaban ɗan'uwanki." Ta ce za ta sake zuwa ranar Litinin da yamma. Ta ce, "Wannan karon kada ki yi shara."

Ashe ta gani. Har turaren ta gane.

Litinin, bayan magariba

Ban gaya wa Yaya ba. Ban yi shara ba, kuma wannan ya fi komai wuya. Bokiti yana inda yake, zannuwa jiƙe a baho, kwanukan jiya a kicin. Sau da yawa na kama kaina na nufi tsintsiya.

Ta zo, ta durƙusa, suka gaisa da Gwaggo. Ta zauna a bakin gado ba ta ko yamutsa hanci ba. Na riga na shirya yadda zan yi. Ba sai na yi magana ba, nuna mata kawai zan yi. Na kama hannun Gwaggo na naɗe rigar zuwa gwiwar hannu.

Babu komai. Fata ce kawai, mai laushi, ta tattare. Shatin ya ɓace tas. Na juya hannun, na duba ɗayan ko na ruɗe ne. Gwaggo ta rufa min asiri har da fatarta.

Dole na faɗa da baki. Na gaya mata abin ranar Laraba, daga shigarmu banɗaki har fitowarmu. Ba zan rubuta shi a nan ba. Kaina yana ƙasa, tayil ɗin da ya tsage a gindin gado nake kallo har na gama.

Ba ta yi salati ba, ba ta ja da baya ba. Ta ce, "Sau nawa?" Na ce sau ɗaya, na biyun fita na yi na kulle ƙofa. Ta ce fitar ita ce daidai. Na ce za ku ƙwace min ita ne? Ta ce a'a, mako biyu ne, in yi barci, sannan a zauna a ga wa za a riƙa turo min gida yana kama min wanka. Ta ce, "Ba ke kika fara gaya min irin wannan ba, Anti. Masu tsorata ni su ne waɗanda ba sa kira."

Duk wannan Gwaggo tana wasa da bakin mayafina. Sai ta ɗago ta gan ni kamar yanzu na shigo. "Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Mai Jaka ba ta dube ni ba, ta mayar da ido kan jakarta.

Na ce, "Akwai gajiya, Gwaggo. Na gaji."

Ta tsaya. Leɓenta yana motsi, tana neman abin da yake biyo bayan wannan a jerin gaisuwa, babu. Na ce shi ke nan, na rikita ta. Can sai ta ce, "Ayya. Sannu." Ta ɗan bubbuga bayan hannuna. Ta kalli taga, ta dawo da ido kaina, fuskarta ta washe. "Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Dariya ta ƙwace mana ni da Mai Jaka. Tawa ba ta ƙare a dariya ba.

Alhamis, da rana

Mai Jaka ta kira, an samu gado a gidan. Litinin da safe.

Asabar, da dare

Na kira Yaya. Ya fara da abin da mutane za su ce. Na bar shi ya ƙare, sannan na ce, "To ka ɗauke ta mako biyun a gidanka, in fasa." Sai ga matakalar gidansu ta yi tsawo, ga ciwon bayan matarsa, ga jarrabawar yara. Ina jin sa yana lalube. Can muryarsa ta sauka ya ce, "Auta, ni ko zama kusa da ita ba na iyawa. Gaishe ni take kamar mai karanta mita." Ban taɓa jin sa haka ba. Ya ce zai kawo mota. Ya roƙi abu ɗaya, in dangi sun tambaya a ce asibiti aka kai ta gwaje-gwaje.

Na ce masa ni ba zan yi ƙarya ba, da ƙarfina. Da yamma na je shago sayen sabulu da man shafawa, mai shagon ya ce tafiya za a yi ne? Na ce Gwaggo za a kai asibiti gwaje-gwaje.

Na goge kayanta duka, na rubuta alama a wuyan kowace riga kamar yadda suka ce. Masu gajeren hannun na fito da su daga ƙasan akwati. Suna warin ajiya, sai da na sake wanke su.

Litinin, da la'asar

Mun kai ta.

A mota ta gaida Yaya tun daga ƙofar gida har muka isa, shi kuma yana amsawa yana share ido da bayan hannu, wai rana ce take dukan sa. Gidan ba kamar yadda na yi ta zana shi a raina ba ne. Dogon baranda, ƙamshin maganin goge ƙasa, ƙarfen riƙewa a jikin bango. Ɗakinta gado biyu ne, taga tana kallon wata bishiya, ɗayar tsohuwar tana rungume da rediyo. Na so a ce wurin ya yi muni in samu abin kuka, ko a ce ta ƙanƙame ni ta ƙi saki. Ina. Gwaggo ta ga sababbin mutanen gaisawa, ta hau aiki. Mai tura keken marasa lafiya, mai shara, nas, mai rediyo, kowa sai da ya faɗi yadda ya kwana.

Nas ɗin ta ce ko akwai abin da ya kamata su sani? Na buɗe baki na kasa rufewa. Shayi kada ya yi zafi. Magani a cikin ayaba, in ta tofar a bari a jima. Ba ta shan lemo. In ta ce ɓarayi, a yi mata sallama, sai ta amsa ta manta. In ta ce ina gajiya a amsa mata, kada a yi shiru. Wanka kuma daga ƙafa ake farawa, a hankali, kada a zuba mata ruwa a ka tun farko, tsoro take ji, sai ta yi ta kokawa.

Na daɗe da sanin wannan. Ranar Laraba ma na sani. Sauri nake yi.

Nas ɗin ta rubuta duka, ta ce in tafi hankalina kwance. Yaya ya riga ya sulale mota. Na gyara mata filo, na jera silifas ɗinta inda ƙafarta za ta same su, na sake gyara filon. Da na rasa abin gyarawa na rataya jakata na miƙe.

Ta dube ni, ta dubi jakar. Sai ta ɗaga hannu, hannun nan, cikin riga mai gajeren hannu, ta ce, "To, a huta gajiya. A gaida mutanen gida."

Na san ta faɗa wa mai tura keke ɗazu. Na san za ta faɗa wa mai shara an jima. Duk da haka sai da na dafa ƙarfen bango. Na ce, "Za su ji, Gwaggo."

Talata, bayan azahar

Ban san lokacin da na kwanta ba. Na farka rana ta raba, na ce na shiga uku, ban ba ta magani ba. Na diro na yi kicin, na haɗa shayi, na jujjuya shi tsakanin kofi biyu ya huce, na ɓare ayaba. Na tura ƙofarta da gwiwar hannu kamar kullum.

Gado a shimfiɗe, sumul. Babu silifas.

Bakina bai jira kowa ba. Na ji kaina na ce, "Ba gajiya, Gwaggo."

Na daɗe a tsaye da kofi a hannu. Sannan na zauna a bakin gadonta na shanye shayin, na cinye ayabar. Kunyar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Amma yau dai ba ƙarya na yi mata ba.